Makunni a Bayan Keji

Duk wanda ya taɓa loda albasa a kasuwar Aliero cikin shekarun nan ya san Arzika Gehuru, ko bai san sunansa ba ya san ɗinkinsa. Shi ne mai zama a kan tsohon buhu kusa da inda manyan motoci ke tsayawa, basilla a hannu, zare a baki, yana ɗinke bakin buhunan da za a kai Kudu. Buhun da Arzika ya ɗinke sai dai a sa masa wuƙa, ba dai ya kwance a hanya ba. Ƙafafunsa ne kawai ba sa aiki, shan inna ya cinye su tun yana ɗan shekara uku. Daga ƙugu zuwa sama kuwa, idan ya riƙe maka hannu wajen gaisuwa sai ka duba ko yatsunka sun cika.

Mahaifiyarsa, Gudiya, ita ta tsaya masa. A bayanta ta riƙa kai shi firamaren Gehuru har ya yi mata nauyi, sannan ta koma aron jakin maƙwabta. Masu ba da shawarar da ba a tambaye su ba sun sha ce mata ta daina wahalar da kanta, ta kai shi bakin masallacin Juma'a a Jega, ai irinsu nan abincinsu yake. Amsarta ɗaya ce kullum: "Hannun ga na aiki na, ba na miƙawa na ba." Da haka ya gama sakandare, ya sami keken hannu mai ƙafa uku, ya koma Jega da zama, ya auri Naja'atu, suka haifi 'yarsu Hidaya. Lokacin albasa a ɗaura kekensa a saman mota ya tafi Aliero, da yamma ya dawo yana warin da ko sabulu ya gaji da shi.

Albasa ta ciyar da shi shekara goma sha takwas, sannan ta fara cinsa. Ƙurar busasshen ɓawo da ƙaiƙayin buhu suka zauna masa a ƙirji, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Likita ya faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba: ko ya bar kasuwar albasa, ko ita ta raba shi da numfashi. Shi ya sa damina biyu a jere, lokacin da aikin buhu ke ja baya, ya riƙa tura kekensa cikin taɓo zuwa wani shagon koyon kwamfuta. Yatsun da suka saba da basilla ba su sha wahala ba. Kafin a ankara ya fi mai koya masa sauri, kuma ba ya kallon hannunsa.

A kan sunan da ake kiransa da shi, Arzika mutum ne mai ra'ayi, kuma ba ya ɓoyewa. A kasuwa "Gurgu" ake ce masa, wani da wasa, wani da raini, kuma kunnensa ya san bambancin tun kafin a rufe baki. "Naƙasasshe" ce ba ya son ji ko kaɗan, yakan ce wannan sunan albasar da aka tsince aka watsar ne. A ƙungiyarsu ta guragu akwai Altine, shugabansu, wanda idan ba ka ce masa "mai buƙata ta musamman" ba, ba zai amsa maka sallama ba, don ya ce shekara hamsin yana shan "gurgu" daga bakin yara, ya ƙoshi. Arzika bai taɓa yi masa gardama ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi dai nasa bai da tsawo: ranar suna rago aka yanka aka ce Arzika, to a kira shi Arzika. Idan ta kama a faɗi lalurarsa, a bar shi ya faɗa da bakinsa.

Ana nan sai wata ƙungiya mai zaman kanta ta buɗe ofis a Jega don yi wa manoman albasa rajista. Suna neman mai shigar da sunaye a kwamfuta. Mutum tara suka yi gwaji, Arzika ya gama shafinsa sauran ba su kai rabi ba. Aka ce ya zo ya yi wata guda na gwaji, idan babban ofis na Birnin Kebbi ya gamsu, aiki ya zama nasa. Sharaɗin da aka fi nanata masa ɗaya ne: kafin takwas da rabi ya kasance ya shiga kwamfuta da lambarsa, don ita ce ke aika lokacin zuwansa can sama, ba mutum ba.

Ranar farko Naja'atu ta goge masa farar shaddarsa har tana ɗaukar ido. Hidaya, wadda 'yan ajinsu suka saba kira "ɗiyar gurgu", ta tafi makaranta ta faɗa wa duk mai kunne cewa babanta ofis yake aiki yanzu. Ƙarfe bakwai da rabi ya isa, ya sauka daga keke, ya ja jiki ya hau kujera, ya gyara hula. Ga allo a gabansa, ga abin bugawa. Ya duba ƙarƙashin tebur neman akwatin kwamfutar, babu. Ya ɗaga kai sai ya gan shi can kusa da silin, cikin keji na ƙarfe, kamar an tsare ɓarawo.

Ga yadda aka yi. Daminar da ta wuce ruwa ya shiga ginin har gwiwa, don haka aka ce a ɗaga akwatin sama. Sannan aka tuna da ɓarayi, aka kira Jibrilla mai walda, wanda duk rayuwarsa ƙofofin rumbun albasa yake yi. Jibrilla ya duba akwatin gaba da baya, ya ga gefe ɗaya cike da wayoyi, ya yanke hukuncin cewa nan ne gaba tunda nan ake aiki. Sai ya juya fuskar akwatin ta kalli bango, ya like keji ya tafi. Makunnin ya koma baya, tsakanin ƙarfe da bango. Mai ƙafa biyu ma sai ya taka kujera, ya zura hannu har kafaɗa, ya lalubo shi kamar mai neman ƙwai a akurki.

Arzika ya zauna yana kallonsa. Maigadi tsoho ne mai ciwon gwiwa, ko tabarma da ƙyar yake tashi daga kanta. Barin injin kwamfutar a kunne ya kwana ba zai yiwu ba, don da an tashi ake kashe wutar sola. Mai iya hawa shi ne Waliyyu, ma'aikacin da ke zagaya ƙauyuka a babur, shi kuma yakan leƙo ne lokacin da Allah ya kawo shi, wani lokaci tara da rabi, wani lokaci goma ta gota. Ran nan goma saura kwata ya zo. Mutumin da ya riga kowa isowa, kwamfuta ta shaida wa Birnin Kebbi cewa ya makara da sa'a guda da 'yan mintoci.

Shugaban ofishin, Malam Kamaluddeen, matashi ne mai tsabta da ƙamshi, kuma idan za a yi masa adalci ba mugu ba ne. Ya fi mugu wuyar sha'ani, don shi mutum ne da ya gamsu da kirkinsa. Ya je taron bita sau uku a kan yadda ake magana da mutane irin su Arzika, ya dawo da takarda ya manna a bango: kalmomin da aka hana a hagu, waɗanda aka yarda da su a dama. Da Arzika ya nuna masa kejin, sai ya dafa ƙirji.

"Subhanallahi! Wanga abu bai dace ba ko kaɗan, Malam Arzika. Za ni rubuta ma babban ohis. Taɓa kayan ƙungiya sai da izini a rubuce."

"Ranka shi daɗe, Jibrilla na nan bayan tasha. Kamu biyu za a sauke shi, a juyo da shi. Ni gurgu na, ba ni kai wa can."

Kamaluddeen ya ɗaga hannu kamar an zagi mahaifinsa. "A'a, a'a! Don Allah kak ka ƙara kiran kanka hakanga. Kai mai buƙata ta musamman na. Ka daraja kanka mana."

Wato mutum ya kawo kukan makunni, an sallame shi da gyaran baki. Arzika ya haɗiye abin da ya taso masa, don mai nema ba ya fushi, kuma yana tuna tarin da ke jiransa a Aliero.

Kwana na huɗu ya gaji da zaman jira, ya roƙi wani manomi daga Kimba da ke kan layi ya hau masa. Bawan Allah ya hau da bismilla, ya zura hannu, ya kama abin da ya fara taɓawa ya ja. Waya ce ya tsinko. Aikin yini guda ya tafi, kuma daga ranar aka kafa doka: wanda ba ma'aikaci ba kada ya kuskura ya wuce kantar ofis. Wannan dokar ba ta jira izinin Birnin Kebbi ba, a tsaye aka yanke ta.

Sai Arzika ya yi abin da ya saba yi tun yana yaro, ya nemi hanyarsa. Ya auna nisan da zaren buhu, ya je wurin maƙeri aka lanƙwasa masa rodi mai tsawo da ƙugiya a kai, ya naɗe bakin da robar tsohon tayar keke don kada ya ƙarci komai. Gwaji biyu, na uku injin ya yi ƙara ya tashi. Kwana uku a jere kwamfuta ta rubuta bakwai da minti arba'in. Kwana ukun nan ya shigar da manoma fiye da na makon farko gaba ɗaya, har yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Rana ta huɗu Kamaluddeen ya yi sammako bisa kuskure, ya tarar da shi ya miƙa rodi sama.

"Mi a wanga? Haba Malam Arzika! In wani baƙo yag ga haka mi za shi ce muna? Wanga zubar da mutuncinka na, kuma kana iya ɓata kayan mutane."

"Mutuncina bai zube ba, yallaɓai. Aiki nika yi."

"Kawo shi nan. Na hwaɗa maka na rubuta takarda, ka yi haƙuri."

Ya karɓe rodin ya jingine a bayan ƙofar ofishinsa. A wannan ranar ce kuma wani dattijo daga Giwa Tazo ya shigo yana tambaya, "Ina gurgun ga mai rubutu? An ce shi ka yi da sauri." Kamaluddeen ya tsayar da layi, ya ja tsohon gaban takardar bango, ya yi masa karatu na minti ashirin a gaban sa'o'in 'ya'yan cikinsa. Tsoho ya fita da kunya bai yi rajistar ba. Arzika yana zaune hannu a cinya, injin a kashe, yana jin ana kare masa daraja da baki. Ransa ya ɓaci, ya rasa ma wa zai fara jin haushi.

Mako na uku aka ce baƙi na zuwa daga masu ba ƙungiyar tallafi. Nan ne abin da ya fi komai ƙona rai ya faru. Jajibirin zuwansu, ba takarda, ba izini, ba Birnin Kebbi, sai ga Jibrilla da injin waldarsa. Minti goma bai cika ba ya yanke kejin. Aka sauko da akwatin aka ɗora a kan ɗan tebur a gefen Arzika, fuskarsa na kallonsa, makunnin ga shi nan zagaye kamar kwabo, nisansa ko tafin hannu bai kai ba. Aka zuba yashi da siminti a bakin ƙofa don keke ya shiga. Arzika ya koma gida ya ce wa Naja'atu Allah ya kawo ƙarshen wahala, har ya ji kunyar zargin da ya yi wa Kamaluddeen.

Baƙi suka zo, mata biyu da namiji ɗaya da mai ɗaukar hoto. Aka ce Arzika ya kashe ya sake kunnawa don a ɗauka. Ya sa yatsa ya danna, fitila ta kawo, aka tafa masa kamar ya tashi ya yi tafiya. Kamaluddeen ya yi jawabi, ya ambaci masu buƙata ta musamman sau goma sha ɗaya, Arzika yana ƙirgawa. Aka ci shinkafa aka watse.

Washegari da ya shigo, warin walda ne ya fara tarbarsa. Akwatin ya koma sama cikin kejinsa, fuskarsa ga bango kamar jiya ba a yi ba. Jibrilla yana naɗe wayarsa, ya kasa haɗa ido da shi.

"Wallahi Arzika na ce a bari in juyo shi ko da dai sama na. Oga yac ce in maishe shi yadda nit tarad da shi, wai haka shike cikin takardun kaya."

Arzika ya ja jiki har ƙofar Kamaluddeen, bai yi sallama ba. "Jiya da wane izini anka sauke shi?"

"Jiya lalura ta, Malam Arzika. Damina na tahe, in ruwa ya ci injin ga ni za a tambaya. Amsar takarda na nan zuwa."

Ashe lalurar baƙi na yini ɗaya ta fi ta mutumin da ke zaune a wurin kullum. Arzika ya koma kujerarsa yana tari, ya jira Waliyyu har goma da kwata.

Ranar ƙarshe ta wata, rahoto zai tafi Birnin Kebbi kafin azahar, Waliyyu kuma ya kwana a Giwa Tazo. Ƙarfe takwas daidai sai ga Kamaluddeen da takardu shafi shida da ya rubuta da hannu. Ya dubi injin a kashe, ya dubi agogo. Sai ya tuɓe takalmi, ya naɗe hannun riga, ya taka kujera, ya zura hannu ya kunna. Ko minti ɗaya bai ɗauke shi ba. Wata guda mutumin nan yana wucewa ta ƙarƙashin kejin, bai taɓa hawa ba sai yau da aikin nasa ne.

Arzika ya fara bugawa. A shafi na biyu ya buga yawan manoman da aka yi wa rajista, dubu ɗaya da ɗari huɗu da sittin, kowane ɗaya da yatsunsa ya shiga. A shafi na huɗu ya buga labarin zuwan baƙi da yadda suka yaba. A shafi na biyar yatsunsa suka tsaya. An rubuta cewa ofis ya ba wani mai buƙata ta musamman dama, cikin girmamawa da kulawa, amma bayanan na'ura sun nuna bai iya fara aiki a kan lokaci ba sai kwana kaɗan, don haka ana ba da shawarar a nemi wani. Ya sake karantawa, ya koma shafin farko ya bi layi-layi. Sunan Waliyyu na nan, sunan maigadi na nan, har Jibrilla mai walda ya samu shiga. Nasa babu ko sau ɗaya.

Ya buga sakin layin kamar yadda aka rubuta, bai rage wasali ba, don bai taɓa ɗinka buhu rabi ba. A ƙarƙashinsa ya ƙara nasa: Sunan mutumin Arzika Gehuru. Bakwai da rabi yake zuwa. Makunnin yana bayan keji, kusa da silin. Sannan ya kira Kamaluddeen ya juya masa allon.

Kamaluddeen ya karanta, fuskarsa ta canza. "Wanga ba tsarin rahoto na ba. Ba mu sa sunan irinku cikin irin wagga magana, don kare mutuncinku na. Goge shi."

"Irinmu." Arzika ya ɗaga murya har na kan layi suka leƙo. "Wata guda kana kirana mai buƙata ta musamman. To buƙatar ɗaya ta, kuma na hwaɗa maka ita tun ranar hwarko: a sauke akwatin ga kamu biyu. Ka sauke ma baƙi, ka hau ma kanka, ni kab ba ni suna mai tsawo. Dillalin Aliero gurgu shika ce mani, kuma ba ni son bakinai, amma bai taɓa aza buhu bisa rumhwa yac ce in ɗinke ba. Ni ba ni gogewa. In za ka goge, ga kujera."

Ya sauka, ya ja jiki ya wuce ta gabansa, ya ɗauki rodinsa a bayan ƙofa, ya ɗaura a keke. Kafin ya kai bakin titi ya ji ƙarar madanni ɗaya ana ta danna shi a hankali, irin bugun wanda bai iya ba. Layi uku ne, ba su daɗe ba suka goge.

Yanzu Arzika ya koma kan tsohon buhunsa a Aliero, da ƙyalle ɗaure a hanci wanda ba ya hana komai. Naja'atu ta ninke farar shaddar ta sa a ƙasan akwati. Wanda aka ɗauka a madadinsa saurayi ne dogo, ko kujera ba ya takawa. Amsar takardar Birnin Kebbi har yau ba ta zo ba, idan ma an taɓa aika ta.

Abin da ya zo shi ne allon talla. Babba ne, an kafa shi a bakin ofishin, daidai hanyar da Hidaya ke bi zuwa makaranta. Ga Arzika nan cikin farar shadda, yana murmushi, yatsansa a kan makunni, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ƙungiyar na tafiya tare da masu buƙata ta musamman. Wata Asabar yana zaune a tsakar gida yana zura zare a basilla, tari ya sarƙe shi, Hidaya ta kawo masa ruwa ta tsuguna har ya lafa.

"Baba, na gwada ma 'yan ajinmu hotonka. Sun ce ƙarya nika yi, wai ba kai na ba." Ta murza bakin hijabinta. "Na duba ko'ina. Mi yas sa ba su rubuta sunanka ba?"

Arzika ya buɗe baki, tarin ya riga shi.